Dirkokin Rumfar Inna Ajuma

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ba mu aron Ajuma, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Wakilin Sarki, ranka ya daɗe, a kai gaisuwarmu fada. Liman, Allah ya gafarta malam. Alƙali, Allah ya ƙara maka haske. Dattawan Gaya, da waɗanda suka taso daga Bengu da Tanda, da 'yan'uwa na ƙetaren kogin Kwara da suka shigo jirgi don wannan sadaka, sannunku da hanya. Sumana ɗana, Fadima 'yata, ku da kuka rasa uwa, Allah ya ba ku dangana. Matan tungar gishiri da ke zaune da ni bayan zanan nan, ku ba sai na gaishe ku ba, rashinmu ɗaya.

Ni ce Saratu 'yar Malam Hamani. Na san ba a saba jin muryar mace a sadakar arba'in ba. Matan tunga ne suka ce in yi magana da bakinsu. Liman ya yarda, ya ce in taƙaita. Zan taƙaita gwargwadon yadda abin da ya kawo ni zai bari.

Abin da ya kawo ni rumfa ce. Mun ji, kuma ba a ɓoye aka faɗa ba, cewa da zarar an raba gado Sumana zai je kwarin Foga, inda tungarmu take, ya tumɓuke dirkokin babbar rumfar uwarsa, a raba tukwane, kowace mace ta koma murhun gidansu kamar da. Ruwa ya fara janyewa daga kwari, ƙasa ta fara fari, lokacin dafa gishiri ya zo. Maganar ba ta jiran wata rana. Zan faɗi ko wace ce Ajuma, in na gama kowa zai san abin da ake shirin tumɓukewa.

Tun hantsi nake sauraron yabon da maza ke yi mata. Wannan ya ce mace mai haƙuri. Wancan ya ce ba a taɓa jin bakinta ba. Wani ma ya ce ko me aka yi mata sai ta haɗiye. Na juya na tambayi Fadima ko gidan makoki muka ɓata. Wace Ajuma ce ba a jin bakinta? Ajumar da in ta kira mace daga bakin rumfa jakunan Bengu ke ɗaga kunne? Ku yaba mata, ta cancanta, amma ku yabi wadda ta rayu a cikinmu. Wadda kuke yabo, mai haɗiyewar nan, mun san irinta da yawa, mun kuma wanke gawarsu tun ba su yi furfura ba.

Ga waɗanda a miya kaɗai suka san gishiri, ga yadda ake yinsa. Ana kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba a kwando, a kwara mata ruwa, ya tsiyaye, a ɗora shi a wuta har ya ƙafe. Ba a barin tukunya. In wuta ta yi yawa ta fashe, in ta yi kaɗan itace ya tafi a banza. Mace kan zauna gabanta daga safe har rana ta karkata. Al'adar da muka tarar ita ce kowane gida da murhunsa, nesa da na maƙwabta, wai kada albarkar wani gida ta bi hayaƙi zuwa wani. Haka kakanninmu suka yi, kuma ya yi musu, domin a lokacinsu maza na nan, suna kawo itace, suna zaunawa a yi hira.

Sai Nasara suka zo, aka fara ɗibar maza aikin hanyar Doso da dakon kayan bariki. Tunga ta koma ta mata da tsofaffi. A shekarar nan ne wata mata, ba zan faɗi sunanta ba don 'ya'yanta na nan zaune, ta tashi daga murhunta da tsakar rana ta miƙe cikin kwari, ba ɗankwali, ba ta san inda za ta ba. Tukunyarta ta fashe kafin a lura ba ta nan. Murhun da ke kusa da nata, in aka yi kira ana ji. Amma ba wadda ta san ta daɗe ba ta barci, ba wadda ta san tun da aka tafi da mijinta ba ta iya haɗiyar tuwo. Muka kamo ta, muka ce iskoki ne, muka nemo turare.

Ajuma ta ce, “Iskokin nan suna da wayo. Ba su kama kowa sai wadda ta zauna ita kaɗai tana kallon wuta.”

Ta sa ƙannenta suka saro kirya, jakuna suka kai. Ta kafa rumfa mai faɗi, ta jera murahu a ƙarƙashinta bibbiyu, kusa da juna. Tsofaffi suka ce gishiri zai cakuɗe, ba za a san na wane da na wane ba. Ta ce, “Tukunya ta mai ita ce. Inuwa ce ta kowa.” Gishirin kowa bai taɓa ɓata a rumfar nan ba, Alƙali shaida ne, ba a taɓa kawo masa ƙara daga can ba.

Ta kasance mai kallon mutane kafin su yi magana. Da safe takan tsaya inda ake tsiyayar ruwa, tana duban yadda kowace ke ɗauko tulu. Wadda ke zubarwa ba ta sani ba, wadda ta daka wa goyonta tsawa ba dalili, wadda dariyarta ta fi ta kowa ƙarfi, duk ta gan su. Sai ta rarraba mu. “Ke, yau ga abokiyar wutarki.” Ba ta haɗa uwa da 'ya, ba ta haɗa suruka da matar ɗanta. Takan zaunar da mai sabon ciwo kusa da wadda irinsa ya yi mata tabo.

Ta kasance mai doka, kuma dokarta ba ta da yawa. Muddin tukunya na tafasa, ki faɗi abin da ke cin ki. Abokiyar wuta ta saurara, kada ta ce “sai haƙuri” tun ba ki kai ƙarshe ba. Akwai Zabarmawa a cikinmu, suka so su zille da “kala suru”, ta ce ta san shi, “sai haƙuri” ne da bakinsu, shi ma an hana. In gishiri ya kama, magana ta tsaya nan. A sauke, a wanke fuska, a ci abinci, a miƙe ƙafa a inuwa. In kin ce ba ki gama ba sai ta ce, “Gobe ma akwai tukunya.” Ba ta yarda mace ta haɗiye ba, ba ta kuma yarda mace ta wuni tana juya abu ɗaya ba. Abin da aka faɗa gaban wuta kuma, ba ya bin mu gida.

Kada ku zaci manyan masifu ake kawowa kullum. Yawanci ƙanana ne. Yaro na zazzaɓi. Gero ya kusa ƙarewa a rumbu. Maigida ya dawo daga aikin hanya ya daina magana, sai tsaki. An ga jar hular gardi, ɗan sandan Nasara, a bakin kasuwa, ba a san gidan wa za shi ba. Na taɓa ce mata waɗannan ai ba su kai a zauna a kansu ba. Ta ce, “In mutuwa aka yi, gari duka zai zo miki. Waɗannan wa ke zuwa? Su ne ke cin mutum a tsaye.”

In mace ta gama, Ajuma na da tambaya guda. “To, wannan na hannu ne, ko na baki, ko na Allah?” In na hannu ne, a tashi a yi, yau, ko kaɗan ne. Rufin ɗaki na yoyo, ga mata, ga kaba, a je. In na baki ne, wato akwai wanda ya kamata ya ji, sai ta sa ki faɗa mata yadda za ki faɗa masa, ta rage miki zagin, ta bar miki gaskiyar. Na Allah kuwa takan ce a bar masa, a daina taya shi ɗauka, bai nema ba. Ta ce rabin wahalarmu daga nan take, muna kuka a kan abin da hannu zai gyara, muna kokawa da abin da ba namu ba.

Zan faɗi nawa, don nawa ne, ina da ikon faɗa. Mijina Abdu, da yawanku kun yi sallah bayansa, an ɗora masa akwatin Nasara a ka zuwa Doso yana tari. Bai kai ba. Waɗanda suka dawo suka ce an rufe shi a gefen hanya, ayari bai tsaya ba. Na yi takaba, na fito, na je tunga don ciki ba ya takaba. Na yi karatu gaban mahaifina, babu babin haƙuri da ban haddace ba, kuma duk gaskiya ne. Ina maimaita su, haƙorana na cije.

Ajuma ta dube ni ta ce, “'Yar malam, karatunki na nan, ba zai gudu ba. Kin ci abinci?”

Na ce ba na jin yunwa.

Ta ce, “Ba ke na tambaya ba, cikinki na tambaya.”

Ta ba ni fura, ta tsaya har na shanye. Sannan ta miƙa mini fartanya, ta nuna mini inda ƙasa ta fi tauri a kwarin, ta ce in je in kankaro. Na sari ƙasar nan kamar ita ta ɗora wa Abdu kaya. Da hannuwana suka mutu, ta zaunar da ni gaban wuta tare da tsohuwa Gambo, wadda 'ya'yanta maza biyu suka tafi a hanya ɗaya da shi. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita gaban Liman ba. Gambo itace kawai take turawa. Da gishiri ya kama, Ajuma ta zo ta leƙa tukunyata ta ce, “Kin ga, ko gishirin mai fushi fari yake fitowa. Fushin nan naki kaya ne mai kyau, kada ki yar. Amma ba a wuni da kaya a ka. A sauke, a huta, a sake ɗauka.”

Ban daina fushi ba. Kuna ji a muryata. Wanda ya ce in daina, ya fara nuna mini kabarin mijina. Abin da ta koya mini shi ne in ci abinci, in yi barci, in koyar da 'yan mata karatu, fushin yana nan a gefe yana jirana, bai cinye ni ba. Ita ce ma ta ce in riƙa biya wa mata karatu lokacin hutu, kuma ta fi kowa tambaya.

Ta kasance mai aibi kamar kowa, kada a ce na zo wanke ta. Rowar itace gare ta, in kin tura kara biyu inda ɗaya zai isa, za ki ji sunan kakarki. Tana da saurin yanke hukunci, wani lokaci ta haɗa waɗanda ba su dace ba, a tashi da faɗa. Amma ba ta ɗauke kanta daga dokar ba. Da mahaifinku ya rasu, Sumana, ta zauna gaban wuta ta yi kuka da majina kamar yarinya, ni ce abokiyar wutarta. Da gishiri ya kama ta share fuska ta ce, “Ina tuwona?” A shekarar yunwa, da muka rasa abin da za mu ba juna, rumfar nan ce ta hana mu cin naman juna da baki. Ba ta ƙoshar da kowa ba. Amma waɗanda suka rayu sun fito da hankalinsu.

Na san abin da aka faɗa maka, ɗana. Magidanta sun zo maka sun ce can matansu ke kwance musu zane. Wasunsu na nan, ina jin tarinsu. Ba yau suka fara ba. Alfari, kana nan? Ka tuna ranar da ka hau jaki har Foga ka tsaya bakin rumfa? Ka ce, “Inna, me matata ke faɗa a kaina?” Ta ce, “Me ka yi?” Ka ce ba ka yi kome ba. Ta ce, “To shi take faɗa.” Ka ce kana da hakkin sani. Ta ce, “Ga murhu, ga tukunya, zauna ka faɗi naka, kai ma da alama kana da kaya.” Ba ka zauna ba, amma ka koma gida da matarka, har yau tana ɗakinka, ta haifa maka waɗanda ke raba goro a wurin nan. Ku lissafa da kanku auren da ya mutu saboda rumfar. Ni ban san ko ɗaya ba. Waɗanda suka rayu saboda ita, ba zan ambata ba, doka ta hana, amma masu tarin nan sun san kansu. Matar da ta sauke kayanta a Foga ba ta sauke shi a kanka. Wannan ne kuke ƙara a kai.

Saura magana ɗaya, kuma da izinin mai ita zan faɗe ta. Lami ce, matar Mamman, wanda aka ɗiba soja zuwa yaƙin Nasara. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ba ta da takaba, ba ta da miji. Bara ta zo tunga ba ta magana, sai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Ajuma ba ta ba wa kowa ita ba, ta ɗauke ta da kanta. Suka yi ta zama, tukunya na tafasa, ba mai cewa kome. Muka ce, Inna, ai dokar a yi magana ce. Ta ce, “Tana yi, ku ne ba ku ji.” Sai da rani ya kusa ƙarewa Lami ta buɗe baki, abin da ta fara cewa shi ne wutar Inna ta yi yawa. Ajuma ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk tungar ba wadda ta taɓa gyara mata wuta sai wannan. Daga nan ta fara ci. Jiya na tambaye ta ko in ambace ta gaban maza. Ta ce, “Malama, ki faɗa. Ki ce musu ban gama ba.” Gidansu ba mace sai ita. In aka koma murhun gida, ita kaɗai za ta zauna tana kallon wuta. Mun riga mun ga inda wannan ke kai mutum, mun kuma san turare ba ya maganinsa.

Sumana, ba na jayayya da gado. Na karanta shi, Alƙali ya san na karanta. Kirya da tukwane da wurin, dukiyar uwarka ce, kai ke da kashi biyu, Fadima ke da ɗaya. Ba mai ikon hana ka, ba kuma za mu kai ka ƙara ba. Fadima ta riga ta faɗa gaban mata cewa nata kashin sadaka ne ga uwarta, a bar shi inda yake. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma rumfa ba ta tsayawa a kan kashi ɗaya cikin uku na dirkokinta. Naka ne ke riƙe da rufin.

Ba na son amsarka yau. Maza na kallonka, ba a yanke shawarar kirki ana kallon mutum. Ga abin da muka yanke mu. Ranar kasuwar Bengu mai zuwa za mu tafi Foga, mu share rumfar, mu hura wuta. Gambo za ta rarraba mu, ni zan zauna da Lami. In ka zo ɗaukar abinka, ba wadda za ta tare ka, ba wadda za ta zage ka, ni ma zan kame bakina, ka san kuwa abin da wannan zai ci mini. Roƙonmu ɗaya ne. Kada ka aiko kowa. Waɗanda suka zuga ka su zauna gida. Ka zo da kanka, da rana, tukwane na kan wuta, ka ce wa Lami ta matsa za ka cire dirkar da take jingine da ita. In ka iya faɗa mata, za ta matsa.

Wakilin Sarki, Liman, Alƙali, dattawa, na gode da kuka saurari mace har ta gama, ba wanda ya katse ni da “sai haƙuri”. Na gode wa waɗanda suka yi tafiya, da waɗanda suka daka, da waɗanda suka dafa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Allah ya jiƙan Ajuma, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabari, ya sanyaya shi. Allah ya jiƙan waɗanda aka rufe a gefen hanya ba sallah. Allah ya dawo da waɗanda aka tafi da su, in kuwa sun riga mu, ya kawo wa matansu labari. Allah ya ba Fadima ladar sadakarta. Allah ya ba Sumana zuciyar da zai zo Foga da ita, ya kuma nuna masa abin da zai yi da hannunsa in ya iso. Amin.